Awon fili da ƙiyasin kadara: me gwamnati ke biya, me mai fili ke biya?

Amsoshin nan sun shafi Najeriya, musamman jihohin Arewa. Farashi yana bambanta daga jiha zuwa jiha kuma yana canzawa, don haka ba mu sa adadin kuɗi ba. Kowace ma'aikatar ƙasa tana da jadawalinta a rubuce, shi za ka nema.

Shin gwamnati tana ba mutum kuɗi ya auna filinsa ko ya ƙiyasta darajar gidansa?

A'a. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka cike fom ka biya kuɗin rajista don karɓar tallafin awon fili, ɗan damfara ne. Kuɗin da gwamnati ke kashewa a wannan harka ba ya shiga aljihun mai fili. Ta hanyoyi uku yake fita: lokacin da ta yanka sabon shiri na filaye ta auna shi da kanta, lokacin da ta shigo unguwa da shirin rajistar bai-ɗaya ta ɗauke mafi yawan kuɗin aikin, da lokacin da za ta karɓi fili don aikin jama'a ta turo masu awo da masu ƙiyasi. In ba a ɗaya daga cikin ukun nan kake ba, kai za ka biya safiyo mai awon fili, kai za ka biya mai ƙiyasin daraja.

Me ya sa jiha ake nema, ba tarayya ba?

Saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 1 ya ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ke kula da filayen birni, ƙaramar hukuma kuma tana iya ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, amma sashe na 6 ya taƙaita mata: hekta 500 ta noma, hekta 5,000 ta kiwo, sai da yardar gwamna a wuce haka. A Arewa wannan tsari ba baƙo ba ne, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 dama a kansa take. An kuma saƙale dokar ta 1978 a cikin tsarin mulki, shi ya sa gyara ta yake da wuya.

Don haka takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, awo da kuɗin ƙasa duk aikin jiha ne: hukumomin bayanan filaye irin KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, tare da ofishin Safiyo Janar na kowace jiha. A Abuja, wadda ba jiha ba ce, AGIS ce ke riƙe da bayanan filaye.

Mene ne rajistar bai-ɗaya, kuma me ya sa take da araha?

Wannan ita ce hanyar da kuɗin gwamnati yake amfanar talaka kai tsaye, kuma ita ce mutane suka fi yin sakaci da ita.

A tsohuwar hanya, kai kaɗai kake ɗaukar safiyo, ya ɗauko kayan aiki ya zo saboda fili ɗaya, ka yi ta bin fayil ofis-ofis. A rajistar bai-ɗaya, hukuma ce ke zaɓar mazaɓa ko unguwa ta bi ta gida-gida. Ana ɗaukar hoton unguwar daga sama, a buga shi da girma. Ma'aikata su zo tare da mai unguwa, mai gida da maƙwabtansa su nuna iyaka, a zana ta a kan hoton, a rubuta sunan mai iƙirarin mallaka da shaidarsa, a ɗauki hotonsa. Bayan haka a kafe taswira da sunaye a bainar jama'a na wasu makonni, mai ƙorafi ya kawo. Filin da ba a yi jayayya a kansa ba a buga masa takarda, wanda aka yi a ware shi sai an sasanta.

Arahar daga yawan ne take zuwa: tawaga ɗaya tana gama gidaje da dama a wuni, kuma katanga ko lungun da ake gani a hoto shi ne iyaka, ba sai an kafa siminti a kowace kusurwa ba. Ruwanda ta bi wannan hanya tsakanin 2009 da 2013 ta yi wa filaye fiye da miliyan 10 rajista. A Najeriya, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka yi gwaji a Kano da Ondo, sannan shirin GEMS3 da Ingila ta ɗauki nauyi ya faɗaɗa aikin a Kano da wasu jihohi. Daga baya shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018, ya ba jihohi lada idan suka sabunta bayanan gidajen birane.

Matsalar shirin ita ce ba ya daɗewa. Kuɗi ya ƙare ko gwamnati ta canza, tawaga ta watse. Wanda ya ce bari ya ga yadda ta kaya da maƙwabta, sau da yawa sai ya koma tsohuwar hanya da cikakken farashi. Kuma kada ka raina lokacin kafe sunaye. Suna da aka rubuta ba daidai ba, ko gidan gado da aka sa sunan babban wa shi kaɗai, gyara shi a makonnin nan magana ce ta baki da sa hannu, bayan an buga takarda kuwa sai rantsuwar kotu da sabon fayil.

Filina na awon igiya ne, takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kawai gare ni. Zan iya samun takardar gwamnati?

Sau da yawa za ka iya. Takardar ciniki, shaidu da wasiƙar dagaci ko hakimi su ne tushen da ake nema. Amma ba su isa su ceci filin da ya faɗa inda doka ta hana gini ba: kan hanyar da aka tsara, magudanar ruwa, burtali, filin makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Layin 330kV yana cin faɗin mita 50, na 132kV mita 30, babban titin tarayya kuma mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Shi ya sa hukumar tsara birni, irin KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, take duba fili kafin a amince. Mai hankali wannan binciken yake fara yi kafin ya biya kuɗin fili, ba bayan ya kai gini linta ba.

Idan da kuɗina zan yi awo, yaya ake bi?

Ka fara da tabbatar da mutumin. Safiyon da doka ta sani shi ne mai rajista da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, yana da lamba da hatimi. Yaran da ke riƙe na'ura a fili suna iya zama ƙwararru, amma sa hannun mai rajista ne ke ba taswira daraja.

Ka kai masa takardunka, ya karɓi lambobin kusurwa ya duba a ofishin Safiyo Janar ko filin yana cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓa ko ya hau kan na wani. Sannan a sa rana, a gayyato duk maƙwabta da mai unguwa. A auna, a kafa siminti mai lamba a kowace kusurwa, a zana taswira, a ajiye kwafinta a ofishin Safiyo Janar. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa don a rage kuɗi, kuma taswirar da ba a ajiye ba ba ta hana a zana wa wani a wuri guda.

Idan taswira ta zo hannunka, ka duba sunanka yadda yake a katin shaida, wurin da filin yake, girmansa a murabba'in mita, lambar kowane siminti, tsawon kowane gefe, alamar arewa, lambar taswira, kwanan wata, hatimi da sa hannu. Ka ɗauke ta ka je filin ka karanta lambobin da ke jikin simintin da idonka. A jihohi da yawa awon da za a yi C of O da shi sai da umarnin ma'aikatar ƙasa, don haka ka tambaya tun farko kada ka biya sau biyu.

Wayata tana nuna wuri a taswira. Ba zan iya aunawa da ita ba?

Don ka kwatanta wa baƙo gida, ta isa. Don iyaka, ba ta isa ba. Waya tana kuskuren mita 3 zuwa 5 ko fiye, alhali faɗin fili mai ƙafa 50 mita 15.24 ne kacal. Na'urar safiyo da aka haɗa da sanannen ma'auni tana kawo kuskuren zuwa 'yan santimita.

Akwai wani tarko da ko ma'aikata ke faɗawa. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su a kan ma'aunin Minna, na'urorin zamani kuwa da wani ma'auni mai suna WGS84 suke zuwa. Idan aka ɗauki lambobin wannan aka zuba a wancan ba tare da juyawa ba, fili yakan goce fiye da mita 50 a kwamfuta, sai ka ji an ce gidanka yana kan titi ko cikin gidan wani. Kafin ka tayar da hankali, ka sa safiyo ya duba wane ma'auni aka rubuta a taswirar.

Dillali ya ce hamsin da ɗari ne, safiyo ya ce bai kai ba. Wa zan yarda da shi?

Safiyo. Ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 464.5 ne, ƙafa 50 da 50 kuma kusan 232. Igiya tana miƙewa, tef yana lanƙwasa a kan kunya, kuma masu yanka gona sukan ci hanya su ƙara fili. Hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, a lissafi tana ba da filaye 21, amma in an fitar da hanyoyi na gaskiya kimanin 15 ake samu. Wanda ya fitar da 20 daga hekta, lungu ya matse. Ka sa a rubuta girman da safiyo ya samu a takardar ciniki, ka biya a kansa.

Mene ne bambancin safiyo da mai ƙiyasi?

Safiyo yana faɗin inda fili yake da girmansa. Mai ƙiyasi yana faɗin nawa ya kai. Na biyun yana ƙarƙashin hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975, ƙungiyarsu kuma NIESV. Dillali ya san kasuwa, kuma mai ƙiyasi nagari yana tambayarsa, amma banki da kotu ba sa karɓar bakin dillali, domin la'adarsa tana hawa da farashi.

Mai ƙiyasi yana kwatanta gidanka da makamantansa da aka sayar kwanan nan a yankin, ko ya lissafa kuɗin sake gina shi a yau ya cire tsufa, ko ya duba hayar da yake kawowa. Dalilin ƙiyasin ne ke zaɓar hanya, saboda haka gida ɗaya yana iya samun adadi uku kuma duk daidai ne. Rahoton banki yakan ƙunshi farashin kasuwa da farashin sayarwar gaggawa, wanda yawanci yake kusan kashi biyu cikin uku na na farko, kuma a kansa banki ke auna bashi. Mai neman bashin ne ke biyan wannan rahoto.

Gwamnati za ta karɓi filina don hanya. Wa zai biya awo da ƙiyasi, kuma me za a biya ni?

Hukumar da ke karɓa ita ke biyan awo da ƙidaya. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke mallaka don amfanin jama'a, amma dole a ba mai fili sanarwa a rubuce ta hanyoyin da sashe na 44 ya tsara, kuma kotuna sun sha rushe karɓar da aka yi babu sanarwa.

A nan ne mutane ke shan mamaki. Sashe na 29 bai ce a biya ka farashin ƙasar a kasuwa ba. Ga ƙasa tsurarta, abin da ya tanada shi ne daidai kuɗin ƙasar da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke. Diyyar gaske tana kan abin da ka ɗora: gini da makamantansa a kan kuɗin sake yin su bayan an cire tsufa, tare da kuɗin ruwa in an yi jinkirin biya, sai amfanin gona da itatuwa a kan farashin da jami'in ƙasa ya ƙayyade. Kuɗin cike rami ko gyara fadama sai da rasit. A ganinmu wannan shi ne wurin da dokar ta fi cutar da manomi na gefen birni, wanda gonarsa ta kai miliyoyi amma dawa ce kawai a cikinta. Wasu jihohi suna rage raɗaɗin ta hanyar ba masu gona kason filaye a sabon shirin, ayyukan da Bankin Duniya ke ba da bashinsu kuma suna bin ƙa'idar cikakken kuɗin maye gurbi ba tare da cire tsufa ba. Don haka ka tambayi wa ke ɗaukar nauyin aikin. A 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta sanar da sabunta farashin itatuwa da amfanin gona, wanda tun 2008 ba a taɓa ba, amma jihohi suna da nasu jadawalin.

Idan gidan zama ne, sashe na 33 ya ba gwamnati damar yi maka tayin wani matsuguni a madadin kuɗi. Ka karanta sharaɗin da kyau, domin idan sabon ya fi naka daraja, rarar tana zama bashi a kanka.

Me zan yi ranar ƙidaya?

Ka kasance a wurin da kanka, ko wakili mai takarda. Abin da ba a rubuta a ranar ba, da wuya a biya shi. Ka bi jami'in ɗaki-ɗaki: tsawo da faɗin gini, bulo ne ko jar ƙasa, kwano ko azara, silin, tayil, ƙofofi da tagogi. Mutane suna tuna ɗakuna su manta da katanga, rijiya, masai da ramin da ke ƙarƙashinsa, daɓen tsakar gida, rumbu, turken dabbobi da tankin ruwa. A gona, a ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta iri da girma, domin mangwaro mai 'ya'ya da dashen bara ba kuɗinsu ɗaya ba. Ɗorawa, kuka, kaɗanya, tsamiya da giginya duk a sa su. Ka ɗauki hoto da lambar da aka rubuta a bangonka, ka karanta fom kafin ka sa hannu, kada ka taɓa dangwala yatsa a fom maras rubutu.

Kana da ikon ɗaukar mai ƙiyasi naka ya tsaya maka. Yawanci kaso yake karɓa daga diyyar, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari. Yana da amfani ƙwarai ga jama'ar da suka haɗu suka ɗauki mutum ɗaya, amma a rubuta kason, a kuma rubuta cewa kuɗin kowa asusunsa zai shiga. Kada ka fara sabon gini ko dashe bayan ranar da aka sanar an rufe ƙidaya, ba za a ƙirga ba.

In ban yarda da adadin da aka ba ni ba fa?

Ka rubuta ƙorafi da wuri, ka haɗa da rahoton mai ƙiyasinka da hotuna, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Sashe na 30 na Dokar Amfani da Ƙasa ya mai da jayayyar adadi ga kwamitin rabon filaye na jiha. Sashe na 44 na tsarin mulki kuma ya tanadi biyan diyya cikin gaggawa da damar zuwa kotu. Yadda waɗannan biyu suke haɗuwa aikin lauya ne, ka gan shi kafin ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi cikakken haƙƙinka.

Ni da maƙwabcina muna rigimar iyaka. Gwamnati za ta turo safiyo kyauta?

Ba kyauta ba. Idan filin shirin gwamnati ne, ofishin Safiyo Janar yana da lambobin asali, za ka nema a rubuce ka biya a dawo da simintin inda yake. Idan kotu ce ta ba da umarni, ita ke faɗin wanda zai biya, sau da yawa a raba. A gonar da ba a taɓa aunawa ba, na'ura ba ta san gaskiya ba, dattawa da dagaci ne suka san inda gamba ko aguwa ko bini-da-zugu suka tsaya tun zamanin iyaye. A fara sasantawa da su, a rubuta, kowa ya sa hannu, sannan safiyo ya auna abin da aka amince. Kuma kada ka tumɓuke siminti ko da ka tabbata ba a wurinsa yake ba, laifi ne a doka.

Gidan gado fa?

Magada ne ke biya, daga cikin dukiyar kafin a raba. Ƙiyasi na mai rajista yana kashe zargin cewa wanda zai saye kason 'yan uwa ya karya farashi, kuma mata da marayu ne suka fi amfana da shi. Idan za a yanka gidan, a tabbata kowane kaso yana da ƙofar fita zuwa hanya, sannan a kai takardar rabon da kotu ta bayar ma'aikatar ƙasa a raba fayil. Barin takarda da sunan mamaci shekara da shekaru shi ke haifar da shari'ar jikoki.

Rajistar fili ba dabara ce ta karɓar haraji ba?

Akwai haraji a ciki, ba a ɓoye ba. Mai C of O yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara, kuma jihohi suna son bayanan gidaje ne har da don kuɗin shiga. Abin da kake samu a madadi shi ne takarda, galibi ta shekara 99 ga gidan zama, wadda banki ke karɓa jingina, mai saye ke ƙara kuɗi saboda ita, kuma take sa sunanka a rajista ranar da za a yi diyya. Ka tuna sayarwa ko jinginar da filin da ke da takarda sai da yardar gwamna bisa sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa, kuma a nan ma jami'in gwamnati yana ƙiyasta kadarar don lissafa kuɗin da za a biya.

Yaya zan gane kuɗin hukuma daga na aljihu?

Kuɗin hukuma yana zuwa da takardar neman biya mai lambar fayil ɗinka, ana biya a banki ko ta intanet zuwa asusun jiha, a ba ka rasit da sunanka. Kuɗin safiyo ko mai ƙiyasi mai zaman kansa daban ne, shi ma da rasit da yarjejeniyar da ta faɗi abin da ya ƙunsa: zuwa fili, siminti nawa, zana taswira, ajiye kwafi. Ka biya rabi a farko, ragowar sai ka ga shaidar an ajiye taswirar. Ka yi kwafin komai, ka ɗauki hotonsa a waya, ka ajiye asalin takardun a wani wuri daban da kwafin.